Yadda Na Je Ɗauko Isuhu Daga Suleja

Ba zan ɓata takarda wajen faɗin yadda na baro Matamaye ba. Wanda ya taɓa bin hanyar ya san ta, wanda bai taɓa ba kuwa ko na faɗa masa cewa zai yi na ƙara gishiri. Zan fara ne daga inda mota ta zubar da ni a Suleja, wata Alhamis da hantsi, ana yayyafi, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai tsohon ciki.

Sunana Lawali. Ni manomi ne, lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji huɗu na yi aka cire ni, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya yi haƙuri. Ba neman kuɗi ya kai ni Najeriya ba. Yayana ne, Isuhu. Shekara ashirin da biyu da barinsa gida, sau uku kacal ya leƙo mu. Ni ya bar wa gona, ni ya bar wa Inna, ni na binne Baba. Rannan sai ga waya, wata mata mai karyayyar Hausa tana cewa ya faɗi a kasuwa, ɓarin jikinsa ya shanye. Inna, wadda idanunta suka daɗe da tafiya, ta lalubo hannuna ta ce, "Ka je ka kawo mini shi. Ban ce ya zo da ƙafarsa ba. Da ransa nake so, in shafa fuskarsa." Ga gero ya kai gwiwa yana jiran maimai, na bar shi na taho.

Matar ta ce mini unguwar Kwamba. Ni na zaci irin unguwannin garinmu ce, ka ambaci sunan mutum a nuna maka ƙofarsa. Mai keke ya sauke ni bakin wani kwalbati ya yi gaba, na shiga lungu na fita lungu ina tambayar Isuhu ɗan Matamaye, ana kallona kamar na tambayi gidan aljani. Gidaje a cunkushe, ruwan kwata na bin tsakiyar hanya, kowa na sauri. Har azahar ta gabato sannan wani mai shayi ya ce, "Wace sana'a yake yi?"

"Baro yake turawa a wajen 'yan doya."

"Af! Yusufu Daura kake nufi, wanda ya faɗi."

Na ce ba ɗan Daura ba ne.

"Malam, mai baro ɗaya ne ya faɗi. Ka bi nan, gida mai jan ƙyaure."

Gidan haya ne, ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, bayi ɗaya. Tun daga ƙofa wari ya nuna mini ɗakin. Na same shi kwance kan tabarmar roba, baki ya karkace, hannun dama a yashe kamar ba nasa ba. Mutumin da na sani yana ɗaga buhun gero da hannu ɗaya. Ya gane ni, idonsa ya kawo ruwa, ya buɗe baki ba abin da ya fito sai miyau. Shekara ashirin da biyu a ƙasar arziki, abin da ke ɗakin: rediyo, buta, kaya kala uku a ƙusa, da baro a jingine.

Matar da ta yi wayar ta leƙo. Mama Ngozi ake ce mata, Inyamura ce, garin rogo da manja take sayarwa a ƙofar gidan. Tun da asibiti suka sallame shi suka ce a je gida a riƙa gasa masa jiki, ita ke ba shi kunu, mijinta ke juya shi kafin ya tafi aiki Abuja. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne ƙane nashi? Ka zo, mun gode Allah. Mutumin kirki ne, shekara tara ba mu yi faɗa ba." Ban ce mata na gode ba. A lokacin ban iya ba.

Bayan la'asar baƙi suka zo dubiya, su biyar. Huɗu 'yan dako ne, ka gani a kafaɗunsu. Babbansu wani gajere mai jan gemu, Alhaji Ɗanjuma, amma Ciyaman suke ce masa. Na biyar kuwa ba irinsu ba ne, yana sanye da riga mai aljihu huɗu da biro a maƙale, suna ce masa Sakatare. Daga baya na ji shi ne magatakardan shugabannin kasuwar.

Aka yi addu'a, aka shafa. Ciyaman ya juyo da fara'a ya ce, "Masha Allah, ƙanen Yusufu ke nan. Sannu da hanya. Yaya mutanen Daura? Ruwa ya zauna kuwa?"

Na ce, "Ban tsaya na tambaye su ba. Ni daga Matamaye nake."

Ya yi 'yar dariya, ya ɗora tafinsa kan gwiwata ya matsa. "To ai duk ƙasar Daura ce, Bature ne ya zo ya ja layi."

"Alhaji, da Bature da babu Bature, mu 'yan Nijar ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da wannan da ke kwance, a Matamaye aka yanke mana cibiya." Na zaro katina na ɗan ƙasa na ajiye kan tabarma.

Sakatare ya ɗauki katin, ya juya gaba ya juya baya, ya ajiye. Ya ce, "Ciyaman, ashe haka ne?" Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi mini sallama. Isuhu ya yi wani gurnani irin na ragon da aka danne, ya sa hannunsa mai rai ya ja jikinsa har fuskarsa ta koma bango.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da Ciyaman ya matsa mini gwiwa, na gane. Na gane sarai cewa shiru ake so in yi. Amma tun wajen mai shayi abin ke cina. Ka bar mini gona, ka bar mini tsohuwa, ashe har sunan garin ma ka yar? Na so ya ji zafi, ya kuwa ji.

Washegari na fara koyon zaman Suleja, kuma ba abin da na koya da daɗi. Ruwa saye ake yi, a garin da sama ke zubar da shi kullum. Da sassafe in ɗauki jarka biyu in bi layin famfon wani gida, mata na ture ni da bokiti suna cewa, "Aboki, matsa." In dawo in ɗaga Isuhu, in wanke shi, in wanke zanen, in shanya, ruwan sama ya sake jiƙa shi. In tafi kemis, abin da mu muke ce wa farmasi, in miƙa ɓawon maganin hawan jini, su yanko mini da almakashi gwargwadon abin da ke hannuna. Mai canji ya ga sefa, kuɗin ƙasarmu, a hannun baƙauye ya yi mini yankan da sai da na kwana biyu na gane. Na je sayen layin waya, yarinyar shagon ta ce in kawo lambar ɗan ƙasa. Na miƙa mata katina, ta karanta Faransanci bai karantu ba, ta turo mini shi da bakin farce ta ce, "Baba, wannan ba ya aiki a nan. Wa ke biye?" Daga ranar, in zan ji muryar gida sai na ari wayar Mama Ngozi.

Abinci ma ya ƙi ni. Doya da safe, doya da rana, tuwon masara mai zama a ƙirji kamar dutse. Na yi ta neman fura irin tamu mai yaji da nono mai kauri, wadda na samu ta sha ruwa har ana ganin gindin ƙwarya. In na ɗaga kai in ga duwatsu da ciyawa sun kewaye garin ta ko'ina, sai in ji kamar an kife ni da akushi. A garinmu mutum kan hangi baƙonsa tun yana tafiyar rabin sa'a.

Kwana huɗu da zuwana Ciyaman ya aiko in same shi a kasuwa. Na tarar da shi a rumfar 'yan dako, motocin doya na sauke kaya, laka har idon sawu. Ya ja ni bayan wata mota.

"Kai, ka san abin da ka fasa?"

Na ce gaskiya na faɗa.

"Gaskiya! Dubi can. Wancan mai jar hula ɗan Magarya ne. Wancan da ke ɗaure buhu, Kance. Ni da kake gani uwata 'yar Tasawa ce. Duk garuruwan Nijar ne. Kana tsammanin Sakatare bai sani ba? Kowa ya sani. Amma sani daban, faɗa daban. Wannan wurin an ba mu shi ne da sunan ƙungiyar 'yan ƙasar Daura, kuma akwai masu so a ƙwace shi a ba nasu, kullum suna kai ƙara wai mun cika kasuwa da baƙin haure. Shekara da shekaru ba wanda ya riƙe hujja, sai kai ka zo ka shimfiɗa masa ita kan tabarma."

Ya ci gaba da cewa:

"Al'adarmu, in ɗanmu ya kwanta ciwon da ba na tashi ba ne, mukan ɗauki mota mu kai shi gida. Mun riga mun yanke za mu kai Yusufu wannan makon, har Kwangwalam bakin iyaka, ka ga daga nan tsallakawa ce kawai. Yanzu in na fitar da mota don ɗan Nijar, na sa hannu a takardar korar mutum arba'in."

"To sai yaya?"

"Ƙofa ɗaya ta rage. Duk Lahadi bayan la'asar muna taro a nan. Zan gayyato Sakatare. Ka miƙe ka ce gajiyar hanya ce ta sa ka yi ɓaranɓarama. Ka ce ku 'yan ƙasar Daura ne, kai ne ka tsallaka can noma ka yi kati. Shi ba yarda yake nema ba, abin da zai rubuta yake nema."

"In tsaya gaban maza in ce ubana ba ubana ba ne?"

"Wa ya ce ka canza uba? Gari kawai za ka matsar masa da shi, tafiyar sa'a guda."

Na ce, "Alhaji, Baba yana kwance a maƙabartar Matamaye, ni na sa shi a ciki. Ba zan taso shi don mota ba. Da ku da motarku, Allah Ya fi ku."

Ya ce, "Allah Ya fi mu, gaskiya ne. Lahadi dai tana nan."

Na fita ina jin kaina namiji.

Tasha na fara zuwa, wajen motocin Kano. Na ce ina son kujera uku, biyu na marar lafiya. Ɗan kamasho ya ce yana iya zama? Na ce sai dai a kwance. Yana magana? Na ce a'a. Ya kira direba, direban ya biyo ni har Kwamba don ya gani da idonsa, ya tsaya bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba.

"Malam, wannan ba fasinja ba ne, shari'a ce. In ya cika mini a hanya, wa zai yi wa masu shinge bayani? Kai da ko takardar ƙasar ba ka da ita? A kama motata, a ce na ɗauko gawa."

Direba huɗu na nema, bakinsu ɗaya. Wanda ya yarda ya ɗauke mu shata, abin da ya ambata ko na sayar da gonar bai kai ba. Lahadin farko ta wuce ina zaune ƙofar ɗaki ina jin kiran la'asar, na ƙi tashi.

A layin famfo wani ya ba ni labarin mai magani a Izom. Wai kwana uku yake tayar da shanyayye, wai har daga Abuja manya ke zuwa. Na ce to, in Isuhu ya iya zama kan kujera, ba na bukatar kowa. Mijin Mama Ngozi ya ce kada in je, na ce a raina me arne ya sani game da magani. Allah Ya yafe mini wannan, don mutumin ya fi ni tsoron Allah. Na jinginar da baron Isuhu wajen wani, na ɗauki tasi, muka naɗe shi a baya kamar tabarma. Kowane rami motar ta faɗa sai ya yi ƙara.

Mai maganin yana bayan kasuwa, wani ƙato mai zobba. Bai tambayi sunan ciwon ba ya ce jifa ne, abokan sana'a suka yi masa. Ya tsattsaga masa kafaɗa da cinya da reza, ya cusa wani baƙin gari, ya lulluɓe shi da bargo ya tura kaskon hayaƙi ciki. Isuhu na tari, ni ina danne da bargon, don an ce in na ɗaga magani ya karye. Kwana uku muna kwance a wata rumfa tare da wasu masu jinya, sauro na cinmu. Ran na uku na ce, "Malam, bai tashi ba." Ya ce, "Wanda ya yi jifan ya sake sabo. Sai an kawo baƙin bunsuru." Na dube shi, na dubi zobban, na gane inda bunsurun zai tafi. Na saɓi yayana a baya na fito titi. Da muka dawo Kwamba tsagar ta kumbura tana ruwa, jikinsa kamar garwashi. Lahadi ta biyu a Izom ta same ni.

Duk wannan, Isuhu bai dube ni ba. In na ba shi kunu ya sha, in na juya shi ya juyu, amma idonsa na bango. In Mama Ngozi ta shigo kuwa, sai ya bi ta da kallo har ta fita. Wata rana ina goge masa jiki na ce, "Kai ka jawo mana. Da ka riƙa zuwa gida, da ka riƙe sunanka." Ya rufe ido. Na ci gaba da faɗa, na faɗi na gona, na faɗi na Baba da ya yi ta kiran sunansa kafin ya cika. Mutumin da ba ya iya ramawa. Na gama na fita na zauna bakin kwata, ban ji sanyin da na zata ba.

Sai aka ce mini in je Sabon Wuse, kan hanyar Kaduna. Manyan motocin da suka kai shanu kudu sukan tsaya can in za su koma arewa ba kaya, suna ɗaukar talakawa da araha. Na yi kwana biyu ina zuwa ina tsayawa bakin titi, motoci na watsa mini ruwa. Ran na biyu na samu wani direba dattijo, Bakatsine, yana alwala gefen tayarsa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce in hau in leƙa bayan motar. Na hau. Kashin shanu ne jiƙe har ya rufe katako, sama a buɗe, mutum kusan talatin a tsugune sun lulluɓa da leda.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ni zan ɗauke ku don Allah, ko sisi ba na so. Amma ka ji tsoron Allah. Mai zazzaɓi da ƙurji a buɗe, cikin wannan, ruwa na dukansa? Ba zai kai Zariya ba. Ba shi da mutane a garin ne?"

Na ce yana da su.

"To me ya haɗa ka da motar shanu?"

Ya saya mini shayi da burodi, ya ja motarsa.

Da na dawo na tarar Mama Ngozi a ɗakin, ta kifa Isuhu tana wanke masa baya da ruwan gishiri. Ta ce, "Zo. Zo ka gani." A ƙugunsa, inda yake kwanciya a kai, fata ta buɗe rami, tafin hannuna zai shiga. Ni da ke wanke shi kullum na ga wurin ya yi baƙi, na ce datti ne.

Ta miƙe, hannunta na ɗigar ruwa. "Oga Nijar, ni ba 'yar garin nan ba ne. Shekara ashirin ina nan, ana ce mini Inyamura, ana ce mini arniya, ina amsawa, ina sayar da gari na. Sunan da suka kira ni ya rage mini ƙafa? Kai an ce ka faɗi magana ɗaya, ɗaya! Ka kai shi tasha, ka kai shi wajen mai reza, yanzu motar shanu. Wa ke ciwo, kai ko shi? Mama naku tana kira waya na kullum, ni nake mata ƙarya, ina cewa yana samun sauƙi. Ni na iya ƙarya don uwarka, kai ba ka iya ba?"

A garinmu mace ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Ranar Asabar ce.

Lahadi ta uku na je. Sun jeru kan buhuna da baro a kife, Sakatare na kan kujerar roba da littafinsa. Ciyaman bai nuna ya yi mamaki ba, ya ce, "Ƙanen Yusufu na da magana."

Na miƙe. Na ce, "Jama'a, ranar da na zo gajiya ce ta sa na yi shirme. Mu 'yan ƙasar Daura ne. Ni ne na tsallaka Nijar noma, na yi kati a can."

Sakatare bai ɗago ba. "Mahaifinku fa, a ina yake?"

Wannan ba ya cikin abin da muka shirya. Na dubi Ciyaman, ya dubi ƙasa.

Na ce, "A ƙasar Daura aka binne shi."

Ya rubuta. Mai jar hular nan, ɗan Magarya, ya ce, "Allah sarki, Nijar ba daɗi, dubi yadda ta mai da bawan Allah!" Aka fashe da dariya, har da Sakatare. Wani ya ce, "Sannu da dawowa gida, ɗan Daura!" Duk abin bai kai minti biyar ba. Abin da na yi mako uku ina gudu ke nan. Ciyaman ya ce mota za ta zo Talata ƙarfe bakwai na safe, za a cire kujerun baya a shimfiɗa katifa.

Na ari wayar Mama Ngozi na kira gida. Na ce a gaya wa Inna Talata muna tafe, in Allah Ya so Laraba da hantsi muna ƙofar gida. Na ji muryarta daga nesa tana cewa a share ɗakin Baba, a jiƙa gero.

Litinin 'yan dako biyu suka kawo sabuwar katifa da ledarta. Na kira wanzami ya yi wa Isuhu aski, na yanke masa farce, na wanke rigarsa mai dama-dama. Zazzaɓin bai sauka ba, numfashinsa na fita da ƙara. Na durƙusa na ce, "Yaya, gobe za mu gida. Na je taron. Na faɗi abin da suke so." Tun ina yaro rabon da in ce masa Yaya. A hankali ya juyo da kansa daga bango ya dube ni. Ban san me ke cikin kallon ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa yafiya ce ba. Ya dube ni dai.

Talata na dawo daga sallar asuba na dama koko. Na tallafo kansa, cokali na farko ya shiga, na biyu ya dawo ta gefen baki. Ya ja numfashi mai tsawo, na jira na gaba. Ina riƙe da cokalin ina jira har na ji hon ɗin mota a ƙofar gida. Bakwai saura, direban ma ya yi sammako.

Mutanen da na ce Allah Ya fi su, su suka yi komai. Kafin in san inda kaina yake sun bar kasuwa sun cika gidan, sun kawo likkafani, sun yi masa wanka, sun aika an haƙa kabari. Na ce wa Ciyaman ko za a kai shi gida haka nan, tunda ga mota. Liman ya ce, "Malam Lawali, inda rai ya fita nan ƙasarsa take. Kada ka ƙara masa wahala." Kafin azahar mun rufe shi a Suleja, cikin jar ƙasa mai danƙo da ke manne wa fartanya. Mama Ngozi ba ta bi mu ba, ta tsaya ƙofar gida da gyale a ka, ta rufe teburinta ranar.

Da muka dawo direban na nan zaune a inuwa. Ciyaman ya ce, "An riga an sha mai, an sallami direba. Motar Yusufu ce. Ka shiga ta kai ka."

Mama Ngozi ta miƙo mini waya ta ce in kira gida tukuna. Na karɓa, na riƙe, na mayar mata. Na ce in na isa na faɗa da bakina.

Babu kujera a baya, direban kuma ya ɗauki ɗan'uwansa a gaba. Kan katifar na zauna, daga Suleja har Kwangwalam, da rediyon Isuhu da kayansa kala uku a leda. Muka wuce Sabon Wuse, muka wuce Kaduna, muka wuce Zariya. Hanya lafiya lau, ko ɗigon ruwa bai taɓa mu ba, ba wanda ya tambaye mu takarda. Na yi ta lissafin da ba shi da amfani: da Lahadin farko na miƙe, da a nan zai kwanta, ni ina gefe ina kore masa ƙuda. Malamai sun ce kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma na yarda. Amma malaman ba su ne suka danne bargo a Izom ba.

A bakin iyaka direban ya sauke katifar ya ce Ciyaman ya ce tawa ce. Na tsallaka da ita a ka. Washegari na samu motar Matamaye, aka ɗaure ta a sama. Da hantsi muka tsaya ƙofar gida, daidai lokacin da na faɗa. An share har waje, an yayyafa ruwa. Maƙwabta suka fito, wata ta hango katifa ta rangaɗa guɗa, sannan ta leƙa cikin motar, guɗar ta tsinke a tsakiya.

Inna ta fito tana bin bango da hannu, ta sa zanenta na Salla. Ta tsaya inda ta ji ƙarar inji, ta miƙa hannu biyu gaba.

Ta ce, "Lawali, kai ne? Ku sauko da shi a hankali."